Darasi Ga Makaɗan Ikilisiya: Muryar Piyano Da Muryar Jama'ar Allah

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi makaɗa da shugabannin mawaƙa ne kai tsaye, amma ina roƙon sauran masu bi kada su tsallake shi, gama abin da makaɗi ya taɓa da yatsansa a gefen bagade a kunnen kowa yake sauka, kuma sau da yawa shi ne yake sa jama'a su buɗe baki su yi waƙa, ko kuwa su yi tsit suna kallo.

Majami'unmu da dama sun yi karo-karo sun sayi piyanon lantarki irin wanda ake kira piyanon dandamali, wato mai maɓallai 88 masu nauyi a hannu kamar na piyanon katako, wanda aka ƙera domin a haɗa shi da amfilifaya da lasifika a yi kiɗa gaban taro. Kamfanoni irin su Yamaha, Roland, Korg, Kawai da Nord duk suna yin irinsa. A fuskar kowane ɗaya akwai wani sashe mai ƙananan maballai na murɗawa da na dannawa waɗanda ba su fitar da sauti da kansu, sai dai su canza wanda ya riga ya fito: su sa shi rawa, ko kaɗawa, ko faɗi, ko juyi. A kan wannan sashe za mu yi magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata jana'iza da na yi Misa a kanta a wata ƙaramar majami'a. Yaron da ke kan piyano ƙwararre ne, mai ladabi kuma, ba shi da niyyar ɓata wa kowa rai. Ya so ya sa waƙar shiga ta yi taushi saboda masu makoki, sai ya murɗa ɗaya daga cikin maballan nan har ƙarshe. Sautin ya fito yana lilo kamar na kaset ɗin da rana ta taɓa. Matan Zumunta suka ɗaga waƙa a wani mataki, maza suka ɗauka a wani, shugaban mawaƙa yana ta ɗaga hannu a banza, kafin a kai baiti na biyu rabin jama'a sun yi shiru. Matar mamacin, wadda ita ce ta zaɓi waƙar domin mijinta yana sonta, ta sunkuyar da kai kawai. Bayan Misa na tambayi yaron ko ya san aikin wannan maballi, ya ce mini, "Fada, na ji yana sa abin daɗi ne." Bai yi ƙarya ba, yana sa daɗi. Amma ba wanda ya taɓa koya masa abin da maballin yake yi wa sauti, laifin kuwa namu ne da muka sayi kayan muka danƙa masa ba tare da koyarwa ba.

Manzo Bulus ya riga mu lura da wannan. A Wasiƙarsa ta Fari zuwa ga Korintiyawa, sura 14, aya 7 da 8, yana gargaɗi a kan maganar da ba ta gina ikilisiya, sai ya kawo misalin kayan kiɗa marasa rai, sarewa da molo da ƙaho: in sautinsu bai fita a rarrabe ba, mai ji ba zai gane abin da ake busawa ko kaɗawa ba, soja ma ba zai san an kira shi yaƙi ba. Ma'aunin da zan bi ke nan a dukan wannan darasi. Kowane ado da aka yi wa sauti halal ne muddin tsohuwar da ke zaune a bencin baya tana iya jin matakin waƙar sarai ta ɗora muryarta a kai.

Abin da Ikilisiya ta faɗa

Wataƙila wasu za su yi mamaki su ji cewa akwai lokacin da aka hana piyano shiga majami'a ɗungum. Paparoma Piyus na 10, a umarnin da ya bayar kan waƙoƙin ibada ranar 22 ga Nuwamba 1903, ranar idin Sisiliya Mai Tsarki, ya haramta shi a fili, tare da ganguna da kuge da makamantansu, domin a wancan zamani ana ganinsu kayan gidan wasa ne. Majalisar Batikan ta Biyu ce ta buɗe ƙofa. Kundinta kan ibada, wanda aka zartar ranar 4 ga Disamba 1963, a sashe na 120 ya ɗaukaka ogan mai bututu bisa sauran kayan kiɗa, sa'an nan ya yarda a shigo da waɗansu da izinin shugabannin Ikilisiya na yankin, in sun dace da ibada, sun cancanci darajar ɗakin Allah, suna kuma gina masu bi da gaske. Sashe na 119 ya umarta a girmama kiɗan gargajiya na al'ummai, musamman a ƙasashen mishan. Ta wannan ƙofa ce ganga da tulu da kacau-kacau suka shiga Misa a wurinmu, ta ita kuma piyano ya shiga. Saboda haka makaɗin piyano ya sani baƙo yake riƙe da shi wanda aka karɓa bisa sharaɗi.

An fayyace sharaɗin a umarnin da ya biyo baya ranar 5 ga Maris 1967, mai suna Musicam Sacram. Ya ce amfanin kayan kiɗa shi ne su tallafi muryoyi, su sauƙaƙa wa jama'a shiga waƙa, su ƙara haɗa kan taro. Kada ƙararsu ta danne muryoyi har a kasa gane kalmomi. Kuma su yi shiru sa'ad da firist yake furta addu'ar da ta zama tasa bisa ga matsayinsa. Mu masu waƙa da Hausa wannan ya fi shafarmu, gama harshenmu mai hawa da saukar murya ne, kalma ɗaya takan sauya ma'ana in an sauya karinta. Kiɗan da ya rikita matakin sauti yana taɓa ma'anar addu'a ma.

Yadda abin yake aiki

Duk waɗannan maballai, ko da sunayensu sun bambanta, dabara ɗaya ce a ƙarƙashinsu. A cikin piyanon akwai wani ɗan motsi na lissafi da ke hawa da sauka a hankali kamar lilon yara, jinkirinsa ya sa kunne ba ya jinsa a matsayin sauti. Aikinsa kawai ya riƙa murɗa wani abu na sautin gaba da baya, kamar hannun da ba a gani. In ƙarfin sauti yake murɗawa, sunan abin tiremolo. In tsayin sauti ne, sunansa baibirato. In kuwa ɗan jinkirin da aka sa wa kwafin sautin ne, sai a sami koras ko filanja. Makaɗi yana da linzami biyu ko uku a kan wannan lilo. Na fari saurinsa, wanda akan rubuta Rate ko Speed a kansa. Na biyu zurfinsa, wato nisan da lilon yake kaiwa, ana rubuta Depth. Na uku, a piyanon da ke da shi, shi ne yawan gaurayawa tsakanin sautin asali da wanda aka sarrafa, ana rubuta Mix ko Amount. Wanda ya gane waɗannan uku ya gane rabin darasin, kowane irin piyano aka ba shi.

Tiremolo shi ne mafi sauƙin ganewa. Duk yaron da ya taɓa yin magana a gaban fanka mai juyawa ya ji muryarsa tana karkarwa ya san irinsa. Ƙarfi ne yake ƙaruwa yana raguwa, matakin sautin kuwa yana nan daram, shi ya sa hatsarinsa ga mawaƙa kaɗan ne. Ba sabon abu ba ne a ɗakin Allah: ogan mai bututu ya daɗe da wata na'ura da ke girgiza iskar da ke shiga bututun don sautin ya yi rawa. Tsofaffin piyanon lantarki na Rhodes da Wurlitzer, waɗanda sababbin piyano ke kwaikwayon muryarsu, da shi aka san su, ko da yake masu ƙera su sun rubuta masa sunan baibirato, abin da har yau yake ruɗa masu koyo. Da muryar irin wannan piyano, tiremolo mai kaɗawa sau 4 ko 5 a daƙiƙa, marar zurfi, yana da kyau ƙwarai a waƙar tunani bayan karɓar Jibi. In aka zurfafa shi sai ya riƙa yanka sautin gunduwa-gunduwa, ya kafa nasa kari dabam da na ganga, mai ganga da mai piyano su shiga jan igiya.

Baibirato kuwa matakin ne kansa yake hawa da sauka, kamar yadda mai kalangu yake matsa tsarkiya a hammata ya saki. Muryar ƙwararren mawaƙi tana yin haka da kanta, kamar sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, kuma a bakin mutum ɗaya abin sha'awa ne. Amma piyano ba sauti ɗaya yake fitarwa ba, uku ko huɗu ko fiye yake haɗawa a lokaci guda, kuma shi ne sandar da dukan taro ke dogarawa. Shawarata a taƙaice: kada a sa baibirato a kan abin da jama'a ke bi. A bar shi ga muryar sarewa ko goge da hannun dama zai fitar a 'yar gabatarwa kafin a shiga baiti.

Yanzu sai koras, wanda shi ne yaron nan ya murɗa, kuma shi makaɗanmu suka fi so suka fi kuma ɓatawa. Kada a ruɗe da sunan, ba amshin waƙa ake nufi ba. Na'urar tana ɗaukar sautin ta yi kwafinsa, ta jinkirta kwafin ɗan ƙanƙanin lokaci, wajen kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta kuma sa lilon nan ya riƙa ƙara jinkirin yana ragewa. Jinkirin da ke canzawa yana sa tsayin kwafin ya ɗan hau ya ɗan sauka. Da aka gauraya shi da na asali, kunne sai ya ji kamar mutum biyu ko uku ne suke rera abu ɗaya, kowa da ɗan bambancinsa, kamar dai ƙungiyar mawaƙa. Dalilin daɗinsa a lissafi yake. Sautin da muke kira La, wanda ake saita kayan kiɗa da shi, yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. In wani ya fito kusa da shi yana girgiza sau 442, biyun za su riƙa ƙarfafa juna suna raunana juna sau 2 a kowace daƙiƙa, kunne ya ji wani kaɗawa mai laushi. Masu ƙera ogan sun san wannan tun kafin zuwan lantarki: sukan jera layi biyu na bututu, su saita ɗaya ya ɗan kauce da gangan, suka kuma raɗa wa abin suna da Faransanci mai ma'anar muryar sama. Na'urar koras ta zamani ta bazu ne bayan kamfanin Roland ya sa ta a amfilifayarsa JC-120 a 1975, ya kuma fitar da ita ita kaɗai da sunan Boss CE-1 a 1976. Yawancin waƙoƙin yabo na shekarun 1980 da muka saba ji a kaset, wannan sheƙi da ke kan piyanonsu koras ne.

To ina matsalar? Bambancin 2 cikin 440 ado ne, amma in aka murɗa zurfin har ƙarshe kwafin yakan yi nisa da asalinsa har kunne ya daina jin sauti ɗaya mai kauri, ya koma jin biyu masu gardama. Mawaƙin da ke neman mataki sai ya rasa wanda zai bi. Bugu da ƙari, akwai abin da makaɗa da yawa ba su sani ba. Piyanon katako yana da tsirkiya uku ga yawancin maɓallansa, kuma ba su taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari, saboda haka yana da nasa ɗan koras na halitta, wanda aka riga aka ɗauka cikin muryar da aka zuba wa piyanon lantarki. Ƙara masa wani a kai shi ne yake sa ya yi kama da tsohon piyanon da ya shekara goma ba a saita shi ba. Ni dai a ganina, muryar piyanon katako a bar ta yadda take. Koras ya fi dacewa da muryar piyanon lantarki da ta gogunan Turawa masu jan sauti, a sa saurinsa ƙasa da kaɗawa ɗaya a daƙiƙa, zurfinsa kuma kada ya wuce sulusin maballin. In piyanon yana ba da dama a raba maɓallai gida biyu, a hana hannun hagu koras sam, gama sautin ƙasa shi ne harsashin da maza masu babbar murya suke tsayawa a kai, kuma shi ya fi saurin dagulewa.

Feza da filanja ba za su ɗauke mu lokaci ba. Feza tana haɗa sauti da kwafinsa ta yadda wasu sassansa za su soke juna, guraben da aka soke kuma su riƙa yawo sama da ƙasa, abin ya yi kamar iska na shawagi cikin sautin. In an sa ta a hankali ƙwarai a kan piyanon lantarki tana iya zama a taron matasa. Filanja ta samo asali ne daga masu ɗaukar sauti da suke kunna faifan tef biyu tare suna danna gefen ɗaya da yatsa, ƙararta kuwa kamar jirgin sama ne yana wucewa. Ban taɓa jin wurin da ta dace a cikin Misa ba.

Na ƙarshe shi ne lasifika mai juyawa, wanda akan rubuta Rotary a kan maballinsa, kuma ya cancanci a dakata a kansa domin tarihinsa da majami'a a haɗe yake. A 1935 Laurens Hammond ya fitar da ogan ɗinsa na lantarki a Amurka, majami'u da yawa da ba su da kuɗin ogan mai bututu suka saye shi. Wani mutum mai suna Donald Leslie ya ji sautinsa a bushe yake in an gwada da na bututu, wanda ke fitowa daga wurare da yawa a faɗin ɗaki, sai ya ƙera akwatin lasifika mai ƙaho da ke juyawa a sama da wani gangan katako da ke juyawa a ƙasa, ya fara sayarwa a 1941. Sa'ad da ƙahon ya fuskanto ka sautin yakan ƙaru ya ɗan hau, sa'ad da ya juya baya ya ragu ya ɗan sauka, daidai da yadda odar mota take canza murya in ta wuce ka a kan titi, abin da masanin nan Christian Doppler ya bayyana tun 1842. Ke nan tiremolo da baibirato ne a haɗe, ga kuma sautin yana zagaya ɗaki. Irin akwatin da ya shahara yana da gudu biyu: na jinkiri, wajen juyi 40 zuwa 50 a minti, da na sauri, wanda ya kusa juyi 400. Majami'un baƙaƙen fata na Amurka ne suka fi kowa nuna gwanintarsa, kuma asirin yana cikin sauyawa daga wannan gudu zuwa wancan, gama ƙaho da ganga ba sa ɗaukar gudu tare, ƙahon yakan riga. A wurinmu, da muryar ogan, gudun jinkiri ya ishi kusan dukan Misa, yana ba sauti rai ba tare da ya girgiza mataki ba. Na sauri a ajiye shi domin amshin ƙarshe na Ɗaukaka ga Allah a daren Ista, ko waƙar fita a ranar babban idi. Wanda ya bar shi a kan sauri tun daga waƙar shiga ba shi da sauran abin da zai ƙara sa'ad da murna ta kai ƙololuwa.

Ginin majami'a da wayoyinta

Akwai abu biyu da suke sa abin da makaɗi ya ji a gida ya bambanta da abin da jama'a ke ji. Na fari ginin ne. Yawancin majami'unmu bangon bulo ne da daɓen siminti da rufin kwano, sauti yakan daɗe yana kai da komo a cikinsu kafin ya mutu. Ginin da kansa ya riga ya gauraya sauti, saboda haka adon da ya yi daidai a abin sawa a kunne ya yi yawa a cikin majami'a. Na biyu kuwa waya ce. Koras da lasifika mai juyawa an tsara su ne domin hanya biyu, dama da hagu, amma mu galibi waya ɗaya muke ja zuwa amfilifaya. In haka ne, a tabbata an sa ta a ramin da aka rubuta L/MONO, a kuma sani cewa in an matse hanya biyu cikin ɗaya faɗin nan yakan tafi, wani lokaci ma sautin ya sirance domin sassansa suna soke juna. Makaɗi sai ya ga abin bai fito ba ya ƙara zurfi, alhali faɗin ba zai dawo ba, lilon ne kawai yake ƙaruwa.

Lokatan Ikilisiya ma suna da nasu hukunci. Ƙa'idojin Littafin Misa na Roma, a sashe na 313, sun ce a lokacin jiran Zuwan Ubangiji a yi amfani da kayan kiɗa da kamewa, kada a riga murnar Kirsimeti. A lokacin Azumi kuwa an yarda da su ne kawai domin tallafa wa waƙa, ban da Lahadi ta huɗu da manyan idodi. Dokar ba ta ambaci koras ko tiremolo ba, amma mai hankali ya ga inda ta dosa. In an hana piyano yin magana shi kaɗai a Azumi, bai kamata a yi masa kwalliyar biki ba. Daga Larabar Toka a kashe dukan waɗannan maballai, a bar sauti tsirara, domin in an maido su a daren Ista jama'a su ji bambancin a jikinsu. Haka kuma a Zabura ta amsawa, inda mutum ɗaya yake rera Maganar Allah, kowane lokaci na shekara ne, sautin da ba a yi masa kome ba ya fi.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiyar mawaƙa ta yi ranar Asabar mai zuwa a lokacin koyon waƙa. A kunna amfilifayar da ake amfani da ita ranar Lahadi, ba wata ba. Makaɗi ya fara da sauti marar ado, shugaban mawaƙa ya je bencin ƙarshe ya tsaya tare da mutum biyu ko uku waɗanda ba mawaƙa ba ne, dattijuwa ɗaya a cikinsu. Makaɗi ya riƙa ƙara zurfin a hankali har na baya su ɗaga hannu cewa sun fara jin lilon, sa'an nan ya koma baya kaɗan daga wurin. Daga nan ya buga gabatarwar wata waƙa da kowa ya sani ya tsaya, na bayan su ɗauka ba tare da mawaƙa ba. In sun shiga a mataki ɗaya, an samu. In sun rarrabu, a ƙara ragewa a sake. A tuna majami'ar da ta cika da mutane tana shanye amo fiye da wadda ba kowa, don haka a sake saurarawa a Misar farko. Abin da aka daidaita a ajiye shi cikin ma'ajiyar piyanon da lamba, guda uku sun isa, ɗaya na Lahadin yau da kullum, ɗaya na Azumi da jana'iza, ɗaya na idi, a kuma rubuta lambobin a takarda a manna a gefen piyanon domin yaron da zai karɓi kiɗa ranar da babban makaɗi ya yi tafiya.